Ƙanena ɗan dambe, kafin ka shiga keji

Ranar 12 ga Nuwamba 1993 aka yi gasar UFC ta farko a birnin Denver na Amurka, wato gasar MMA, faɗan da ke haɗa naushi da hauri da kokawa a cikin keji. Cikin mutum takwas da suka fafata akwai ɗan damben zamani mai suna Art Jimmerson, wanda ya fito da safar dambe a hannun hagu kawai, ya bar na dama haka nan. Aka haɗa shi da Royce Gracie, wani siririn ɗan Birazil da nauyinsa bai wuce kilo 80 ba. Gracie ya sunkuya ya kwashe masa ƙafafu, ya hau ruwan cikinsa, kafin a cika minti uku Jimmerson ya sallama. A daren nan Gracie ya lashe gasar baki ɗaya.

Yau samarinmu na gidajen dambe, daga Kano zuwa Dei-Dei zuwa Maraɗi, suna kallon MMA a waya. Sun ga Kamaru Usman da Israel Adesanya sun ɗauki kambun UFC a 2019, sun ga Francis Ngannou ɗan ƙasar Kamaru ya bi bayansu a 2021, sai kowa ya ce a ransa: "Ai hannuna na sauka a kan mutum an gama." Mu da muka riga ku mun yi wannan lissafin, ya ci mana shekaru da lafiyar gaɓoɓi, kuma ba na so ku biya abin da muka riga muka biya. Abubuwan da suka mayar da kai gwani a filin dambe, su ne za su fara ba da kai a cikin keji, in ba ka sake su ba.

Fara da tsayuwa. Ɗan dambe yana tsayawa a karkace, ƙafafu a buɗe sosai, hannun garkuwa a miƙe gaba, hannun ɗauri can baya yana jiran sa'a. A fili wannan daidai ne, domin ba wanda zai rungumi ƙafarka. A keji kuwa ka miƙa wa abokin karawa ƙafar gaba kyauta, ko dai ya ɗauke ta ya kayar da kai, ko ya yi ta saran ta da ƙwauri. A 1976 a Tokyo, Antonio Inoki ya kwanta a ƙasa yana harbin ƙafafun Muhammad Ali har turmi 15, aka tashi canjaras, amma sai da Ali ya kwanta asibiti saboda jini ya daskare masa a ƙafa. A Janairun 2021 Dustin Poirier ya yi ta harbin sha-raɓar Conor McGregor, mai buɗaɗɗiyar tsayuwa da dogaro da hannun hagu, har ƙafar ta daina ɗaukarsa, ya gama da shi a turmi na biyu. Akwai jijiya da ke ratsawa ta gefen ƙafa ƙasa da gwiwa kaɗan, in duka ya same ta sau biyu ko uku sai tafin ƙafar ya mutu na ɗan lokaci, kana so ka taka ya ƙi.

Gyaran shi ne ka matso da ƙafafunka su ɗan fi faɗin kafaɗa kaɗan, ka juyo da ƙugu ya fuskanci abokin karawa, nauyinka ya rabu daidai tsakanin ƙafa biyu, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannaye biyu a gefen haɓa. In ka ga hauri na zuwa, ɗaga ƙafar gaba kaɗan ka juya ƙwaurinka waje ya tare shi, ƙashi da ƙashi. Wanda ya hari ƙwauri sau biyu ba ya marmarin na uku.

Sai dai tsayuwa ƙaramin aiki ce in aka gwada ta da ƙasa, kuma a nan nake so ka fi ba ni hankalinka. A dambe, hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, makaɗa su ɗauka, a tashi. Jikinka ya haddace wannan tun kana yaro, kuma haddar tana cutar da kai ta fuska biyu. In ka kayar da mutum sai ka tsaya ka ɗaga hannu, alhali alƙalin wasa bai tsayar ba, ka ba shi daƙiƙa biyar ɗin da yake buƙata ya dawo hayyacinsa. In kai aka kayar, sai ka saki jiki kamar an gama, ko ka juya baya ka dafa hannu biyu za ka miƙe. Wannan juya bayan shi ne hanyar da aka fi cin sabon shiga. Mutum zai haye bayanka, ya saƙala ƙafafunsa a cinyoyinka, ya zura hannu ƙarƙashin haɓarka ya matse jijiyoyin wuya biyu da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka ka suma, kuma ƙarfin wuya ko taurin rai ba sa hana wannan.

James Toney ya ci kambun duniya na damben zamani a rukunin nauyi uku. A Agustan 2010 a Boston ya shiga keji da Randy Couture, ɗan kokawa mai shekara 47. Couture ya duƙa ya kama idon sawunsa, cikin minti na farko Toney yana ƙasa, bai sake tashi ba har aka shaƙe shi a turmin farko. Ngannou kansa, da duk nauyin hannun nan nasa, a Janairun 2018 Stipe Miocic ya yi ta kayar da shi yana danne shi har turmi biyar, numfashinsa ya ƙare tun da wuri, ya sha kaye a hannun alƙalai uku. Ya koma ya koyi kokawa, Kamaru Usman yana cikin masu taya shi. Da suka sake haɗuwa a Maris 2021, Miocic ya kawo hannu ƙafa, Ngannou ya janye ƙafafu ya danne shi, sannan hannun ya samu damar yin aikinsa a turmi na biyu. Usman ɗin ma da kokawar makaranta ya fara a Amurka, naushi daga baya ya zo.

Mu kam ba mu da uzuri, domin kokawa a gidanmu take. Nijar na gasar takobi tun 1975, Sakkwato da Kabi da Zamfara cike suke da 'yan kokawa, kuma Oumar Kane ɗan Senegal, wanda ake kira Reug Reug, daga kokawar gargajiya ya taso ya ci kambun masu nauyi na ONE Championship, wata babbar gasar MMA ta Asiya, a Nuwamban 2024. Ajiye girman kai ka je wurin 'yan kokawa su yi ta kayar da kai. Wata shida na farko, cikin kwana biyar na horo a mako, ba wa kokawa kwana uku.

Abu uku za ka maimaita har jikinka ya riƙa yin su ba tare da tunani ba. Na farko hana kayarwa: da zarar ya sunkuyo wa ƙafarka, wurga ƙafafu biyu baya, ka sauke ƙugunka a kan kafaɗarsa, ka danna ƙeyarsa ƙasa da hannu, ka zagaya gefensa. Masu koyo suna wurga ƙafa amma su bar ƙugu a sama, sai ya ci gaba da turawa ya cim ma ƙafar. Na biyu tashi daga ƙasa: zauna a gefe ɗaya, hannu ɗaya ya dafa ƙasa a bayanka, ɗayan ya tsare fuska, ka kafa tafin ƙafar da ke ɓangaren hannun tsaro, ka ɗaga ƙugu ka ja ɗaya ƙafar baya, ka miƙe idonka na kansa. Na uku fita in an hau ruwan cikinka: kada ka miƙa hannu ka tura ƙirjinsa, domin miƙaƙƙen hannu shi ake kamawa a karya a gwiwar hannu. Kama hannunsa ɗaya ka manna a ƙirjinka, ka tare ƙafarsa ta wannan ɓangaren da taka, ka ɗaga ƙugu sama da ƙarfi ka mirgina ta can. Kowanne sau 20 a kowane ɓangare, kullum.

Kuma ka koyi sallamawa a wurin horo. In an kama maka hannu ko wuya, buga jikin abokinka sau biyu ko uku da tafin hannu, da wuri, tun kafin zafi ya zo. Ɗan dambe yana jin kunyar wannan, na sani, amma gwiwar da jijiyarta ta tsinke tana neman tiyata da kusan wata tara kafin a koma fili.

Yanzu hannun da kake taƙama da shi. Kara da zaren ɗaurin dambe suna mayar da dunƙulen hannu da wuyan hannu abu guda mai tauri, shi ya sa kake iya wurgo shi daga nesa ya sauka ta ko'ina, ta gefe ko ta ciki, ba ka ji komai ba. Safar MMA kuwa nauyinta bai fi giram 113 zuwa 170 ba, yatsu a waje. In ka yi irin wancan wurgin ya sauka a goshi ko tsakar kai, ƙashin bayan hannu da ke riƙe da ƙaramin yatsa ne zai karye, ko babban yatsa ya goce. Naushi ya sauka da gaɓoɓin manuni da na tsakiya, wuyan hannu a miƙe sak da damtse. Nemi bandejin naɗi mai tsawon mita huɗu da rabi: saƙala a babban yatsa, zagaye uku a wuyan hannu, uku a kan gaɓoɓi, sannan ka bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya kana komawa wuyan hannu kowane karo, ka ƙare a wuyan hannu. Yatsu a buɗe yayin naɗi, in ba haka ba zai matse in ka dunƙule. In yatsu suka fara mutuwa ko farce ya canja launi, warware ka sake. In kuma hannu ya kumbura bayan duka, ɗauki hoton ƙashi kafin ka je wurin mai ɗori, domin ƙashin da ya haɗe a karkace haka zai zauna, yatsa ya riƙa hawa kan ɗan'uwansa duk lokacin da ka dunƙule.

Hannun garkuwa ma dole ya koyi duka. Ware turmi biyu a kowane zama a buhun naushi, da shi kaɗai. Kuma ka rufe yatsunsa, domin tsokane ido laifi ne da ake rage maki a kansa, kamar dukan ƙeya, da karo da kai, da riƙe wayar keji, da harbin kan wanda ke ƙasa.

Numfashi kuma wani abu ne daban. Turmin MMA minti biyar ne, hutu minti ɗaya, turmi uku, na kambu biyar, kuma riƙo ba ya sa a raba ku kamar yadda ka saba. Yi horonka da agogo a kan wannan ma'aunin, kana cakuɗa naushi da kokawa a turmi guda, domin gudun safe kaɗai ba ya shirya damtse wa gajiyar riƙo.

Maganar nauyi tana ba ni tsoro fiye da duka, saboda a dambe ba mu saba da sikeli ba, da ido ake haɗa mutane. A MMA akwai iyaka: kilo 56.7, 61.2, 65.8, 70.3, 77.1, 83.9, 93, da 120.2. Za ka ji ana cewa manya suna zubar da kilo bakwai ko takwas a mako guda ta hanyar ƙin shan ruwa da sa rigar leda. Waɗannan suna da likita a gefe, kuma duk da haka ana mutuwa. A Disamban 2015 Yang Jian Bing, ɗan ƙasar Sin mai shekara 21, ya rasu a Manila yana kan rage nauyi, abin da ya sa ONE Championship ta hana rage nauyi ta hanyar busar da ruwan jiki. Ka tuna kai a ina kake: a watan Afrilu zafin Sakkwato ko Damagaram yana haura digiri 40. Zaɓi rukunin da bai fi kilo uku ƙasa da nauyinka na yau da kullum ba, ka fara mako takwas kafin wasa, kana sauke kusan rabin kilo a mako ta rage mai, lemon kwalba da yawan tuwon dare. Kada ka kusanci ƙwayar sa fitsari, tana wahalar da ƙoda tana rikita bugun zuciya. Bayan awo, sha ruwan gishiri da sukari a hankali: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Akwai wata al'ada da zan faɗa kai tsaye ko da ba za a ji daɗi ba, wato tsaga hannu da reza a shafa magani. Duk gasar kirki a waje tana neman gwajin jini na ciwon hanta nau'in B da C da kuma ƙanjamau, kuma wanda aka samu da ɗaya ba a ba shi lasisi. Reza ɗaya da ta zagaya mutum biyar ta isa ta rufe maka wannan ƙofar har abada. Je ka yi gwaji yanzu, in ba ka da ciwon hanta nau'in B ka karɓi rigakafinsa, allura uku cikin wata shida. Tramadol kuma ɓoye maka zafi kawai yake yi, ka ci gaba da duka da karyayyen hannu, ga shi yana jawo farfaɗiya in ya yi yawa, kuma tun 2024 hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa.

Kan mutum kuwa ba a horar da shi ya saba da duka. Gwajin faɗa mai ƙarfi kada ya wuce sau ɗaya a mako, da robar haƙori a baki, da manyan safar hannu, sauran kwanaki a yi a rabin ƙarfi. Hukumomin wasa a Amurka kan dakatar da wanda aka sumar na kwana 30 zuwa 60 ko fiye, alhali mu a nan sai a zuba masa ruwa ya dawo fili jibi. Duka na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba yana iya kumbura ta ya yi kisa. In an sumar da kai, ko ka tashi ba ka tuna turmin ba, ba dambe ba gwaji har wata biyu. Kada ka kwana kai kaɗai a daren, kada ka hau babur da kanka. In amai ya zo, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci mai nauyi da ba a iya tashinka, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, ko hannu da ƙafa na ɓangare guda suka yi sanyi, waɗanda ke tare da kai su kai ka asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa a daren nan, kada su jira gari ya waye.