Fatalwar Da Ke Ɓata Mana Hotunan HDR

Duk wanda ya taɓa haɗa hotuna uku don fitar da HDR, wato hoto guda da ke nuna wuraren haske da na duhu sarai, ya san wannan takaicin. Sama ta fito shar, ana ganin abin da ke cikin inuwa, amma mutumin da ya gitta ya zama mutum uku, kowanne ana hango bango ta cikin ƙirjinsa. Ganyen bishiya kuwa duk ya dame. Wannan ita ce fatalwar da masu hoto ke kuka da ita.

Kyamara ba ta iya kama hasken rana da duhun inuwa a ɗauka guda, shi ya sa muke ɗaukar mai duhu, matsakaici da mai haske, galibi -2, 0 da +2 a ma'aunin hasken kyamara. Lissafin da masana kwamfuta Paul Debevec da Jitendra Malik suka gabatar a 1997 don haɗa irin waɗannan hotuna ya ginu ne a kan cewa babu abin da ya motsa a tsakaninsu. Iska da masu wucewa kuwa ba sa jiran kowa.

Idan kyamarar ce ta girgiza, da sauƙi: a ɗora ta kan matsayi mai ƙafa uku, ko manhaja ta daidaita hotunan. Matsalar gaske ita ce abin da ya motsa a gaban kyamara.

Abin da nake so kowa ya gane shi ne, maɓallin korar fatalwa na manhajojin haɗa HDR ba ya gyara motsi. Wurin da aka yi motsin yake ganowa, ya cike shi daga hoto ɗaya tak, ya watsar da sauran. Ke nan a daidai wannan wurin ba ka da HDR. In ya ɗauko daga mai duhu, dole a ɗaga haskensa, sai ka zuƙo hoton ka ga fuskar mutumin ta cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa mata yashi, alhali bangon da ke gefenta sumul yake. In daga mai haske ya ɗauko, farar riga ta ƙone, kuma hannun da ke lilo ya yi dishi-dishi, domin shi ne hoton da idon kyamara ya fi daɗewa a buɗe.

Saboda haka ba na yarda manhaja ta zaɓa mini. Lightroom, ɗaya daga cikin manhajojin gyaran hoto, tun da aka sa masa haɗa HDR a 2015, yana da matakan korar fatalwa, ƙarami, matsakaici da babba, kuma yana iya nuna wuraren da ya taɓa. A ƙarami nake farawa, in duba da kyau kafin in ƙara, don babban yakan cinye wuraren da ba su yi laifin komai ba. Photoshop yana barin ka nuna hoton da za a dogara da shi, Photomatix kuma ka zagaye wurin da hannunka. In hoton ya shiga raina, nakan shimfiɗa matsakaicin a saman wanda aka haɗa, in goge a hankali har mutumin ya koma guda. Dabarar ma tsohuwa ce: tun a shekarun 1850 mai ɗaukar hoto Gustave Le Gray na Faransa yake ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa su a takarda ɗaya.

Rabin aikin dai a wurin ɗauka yake. Kada ka taɓa faɗin ƙofar haske tsakanin hotunan, lokacin da idon kyamara zai yi a buɗe kaɗai za ka sauya. Ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 400 ko 800 don lokacin ɗaukar mai hasken ya gajarta, ka sa kyamara ta harba su a jere. Wayoyi ma ta nan suka bi: HDR+ na Google, a farkon fitowarsa, gajerun hotuna masu ɗan duhu yake ɗauka da yawa ya haɗa. In kuma wurin cike yake da jama'a ko igiyar ruwa, RAW guda, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, nake ɗauka, in kiyaye kada wuraren haske su ƙone, in ɗago inuwar daga baya.