Yinin da na yi da Too Dark Park

Asabar, da dare.

Yau ban yi aikin kirki ba. Tun hantsi na toshe kunnuwana da abin sauraro, na kunna albam ɗin Too Dark Park na ƙungiyar mawaƙan Skinny Puppy, wanda na daɗe ina ɗaga masa ƙafa. Waƙoƙi goma ne, ba su kai minti 40 ba, amma sau uku na maimaita su.

Jin farko kam, hayaniya ce zalla. Waƙar buɗewa, Convulsion, kamar an kifar da kwandon ƙarafa a kan siminti, ga muryar mawaƙinsu Nivek Ogre an murɗe ta da na'ura har ba ka gane kalma ɗaya. Ƙanena ya leƙo, ya zare kunne guda ya saurara, ya ce, "Yaya, abin nan ya lalace ne?" Na ce masa haka aka yi shi. Ya girgiza kai ya fita.

A ji na biyu ne na fara ganin ɗinkin. Ƙarƙashin wannan tarkace akwai ganga da ba ta kuskure, sai guntayen maganganu da aka yanko daga finafinai aka cusa a tsakani. A waƙar Spasmolytic kiɗan ƙasa yana gudu kamar wanda aka biyo. Da aka zo Nature's Revenge sai komai ya lafa, har na ji wani abu mai kama da tausayi. Nan na fi daɗewa.

'Yan Skinny Puppy mutanen Vancouver ne a Kanada. Ogre da cEvin Key suka kafa ƙungiyar a 1982, Dwayne Goettel ya shigo a 1986. Wannan albam ya fito a 1990 ta kamfanin Nettwerk, shekara guda bayan Rabies, wanda Al Jourgensen na ƙungiyar Ministry ya sa wa hannu, jita ta yi yawa a ciki. Ni a kunnena, Too Dark Park komawa gida ce.

Da yamma na bi sawun waɗanda suka biyo baya a Turai, masu salon da ake kira dark electro: Leæther Strip na Denmark, yelworC da :wumpscut: na Jamus, Suicide Commando na Beljiyam. Duhun nan da murɗaɗɗiyar murya duk sun ɗauka. Abin da yawancinsu suka bari shi ne rikicin, domin sun miƙe gangar ta zama ta rawa, kana iya sanin inda bugu na gaba zai faɗo. Ba laifi ba ne, albam ɗin Solitary Confinement na Leæther Strip, na 1992, ya yi mini daɗi ƙwarai. Sai dai bai tsorata ni ba.

Goettel ya rasu a 1995, yana da shekara 31. Da na tuna haka na sake kunna waƙar ƙarshe, Reclamation. Har yanzu kunnena na hagu yana ɗan ƙara, gobe zan rage sauti.