Takardar da ke bin noti daga ƙasa zuwa ƙasa

Kamfaninmu ƙarami ne, aikinmu kuma sassaƙa ƙarfe. Muna yin notuna, namiji da mace, da washa, da 'yan maƙalan da ake ɗaure batir ko akwatin rediyo da su a jikin mota. Ma'aikatar tsaro ba ta saye daga hannunmu kai tsaye. Babban kamfani ne ke cin kwangilar motocin soja, ya yanka wa na ƙasa da shi, shi kuma ya yanko mana namu rabon. Idan mota ta fita, sunanmu ba ya jikinta. Amma ana iya sayar da ita ga rundunar wata ƙasa, ta lalace a wata ƙasar daban, kuma makanikin da zai kwance notinmu a can bai ma san da zamanmu a duniya ba. Abin da ya haɗa mu da shi ma'auni ne da ƙasashe suka zauna suka amince da shi.

Sai da aka sha wuya kafin a kai ga haka. A 1841 Joseph Whitworth na Ingila ya tsara haƙorin noti mai kusurwar digiri 55. A 1864 William Sellers na Amurka ya fito da nasa mai digiri 60. Kowa ya riƙe nasa, har Yaƙin Duniya na Biyu ya tara motoci da jiragen ƙasashen biyu a fage ɗaya. Nan aka ga notin wannan ba ya hawa kayan wancan, mota ta kwanta saboda abin da bai kai ɗan yatsa ba. A ƙarshen 1948 Amurka da Birtaniya da Kanada suka sa hannu a kan haƙori ɗaya na awon inci, mai digiri 60. An kafa ƙungiyar tsaro ta NATO a 1949, a 1951 ta buɗe hukumar daidaita ma'aunin kayan soja, wadda magajiyarta ke aiki a Brussels yau. Yarjejeniyoyin da take fitarwa ana kiransu STANAG, kowace da lambarta. Ta wannan hanyar aka tsayar da harsashi mai milimita 7.62 a shekarun 1950, sannan mai 5.56 a 1980, bisa samfurin kamfanin FN na Beljiyam.

Har yanzu dai inci da milimita suna zaune tare a sana'ar, kuma nan ne hannu ke yaudarar mutum. Noti M8 kaurinsa milimita 8 ne, tsakanin haƙori da haƙori 1.25. Na inci 5/16 kaurinsa 7.94, tazarar haƙorinsa kusan 1.41. A ido ɗaya suke. Ka ɗora macen wannan a kan namijin wancan, za ta yi juyi ɗaya ko biyu lafiya lau, sannan ta cije. Mai gaggawa ya sa sifana ya matse, ya ji ta yi ƙarfi, ya ɗauka ya ɗaure, alhali haƙoran sun cinye juna. Shi ya sa duk sabon yaron da ya zo wurinmu, kafin ya taɓa inji sai ya koyi geji. Geji biyu ne: zobe ɗaya dole ya shige har ƙarshe da yatsu kawai, ba tare da tilas ba, ɗayan kuma kada ya wuce juyi biyu. Idan na farkon ya tsaya a hanya ko na biyun ya zarce, an ware wannan notin, ko da yana ƙyalli kamar azurfa.

Kowane kaya da ya shiga rumbun soja yana samun lamba mai alƙaluma 13. Huɗun farko suna faɗin rukunin kayan, biyun da ke biye suna nuna ƙasar da ta yi masa rajista: 00 da 01 Amurka, 12 Jamus, 14 Faransa, 99 Birtaniya. Sauran bakwai ɗin nasa ne shi kaɗai. Ma'ajin kaya da ba ya jin harshen takwaransa zai iya rubuta lambar nan ya aika, a kawo masa abin da yake nufi. Ƙasashe da dama da ba sa cikin NATO ma sun shiga wannan tsarin rajistar.

Girma da siffa su ne ɓangare mai sauƙi. Inda aikin yake shi ne abin da ido ba ya gani. Sandar ƙarfe idan ta iso mana, tana zuwa da satifiket daga masana'antar da ta narka ta, ɗauke da lambar narki da sakamakon gwajin sinadaranta da ƙarfinta. Lambar nan muke bi da ita daga yanka zuwa gashi zuwa shafe, ba ma haɗa narki biyu a tire ɗaya. Noti mai daraja 10.9 ko 12.9 ƙarfe ne mai tauri sosai, kuma idan aka yi masa shafen hana tsatsa da lantarki, iskar haidurojin na shiga jikinsa. Dole a sa shi a tanda mai zafin kusan digiri 200 cikin 'yan sa'o'i bayan shafen, ya daɗe a ciki har iskar ta fita. Wanda ba a gasa ba, a ido ba abin da ya bambanta shi da wanda aka gasa. Geji zai karɓe shi, sifana za ta ɗaure shi, sai bayan kwanaki kansa ya ɓalle shi kaɗai, ba tare da an taɓa shi ba. Abin da kawai ke shaida an yi gashin nan shi ne takardar tanda mai nuna lokacin shiga da zafi da lokacin fita. Saboda haka idan na ga ma'aikaci yana ƙorafin cewa rubutu ya fi aiki yawa, nakan ɗauko masa takardar nan in ce ya karanta. Sojan da ke cikin motar ba shi da wata hanyar sanin gaskiyarmu sai ita.

To wa zai gaskata takardar, tunda mai saye yana wata ƙasa? A ganina amsar wannan tambayar ita ce zuciyar haɗin kan, ta fi maganar milimita nauyi. Akwai STANAG 4107, wadda a ƙarƙashinta ƙasar da ke saye kan roƙi hukumar tsaron ƙasar da ake ƙera kayan ta tura nata sifeton ya duba a madadinta, ita kuma ta karɓi sa hannunsa. Ƙa'idar da ake auna kamfani da ita, AQAP 2110, an gina ta ne a kan ISO 9001 da masana'antun farar hula suka sani, aka ƙara mata sharuɗɗan soja, ciki har da ba wa sifeton gwamnati damar shiga wurin aiki. Gejinmu kuma ɗakin awo mai shaidar ISO/IEC 17025 ne ke tantance shi, shaidar da ake karɓa a ƙasashe da yawa. Ba don wannan sarƙar ba, babu mai saye na ƙetare da zai yi tattaki saboda kwalin notuna. Zai tsaya wurin manyan kamfanonin da ya sani, irinmu kuwa ko ƙofar ba za mu gani ba.

Sai dai STANAG ba doka ba ce da ake tilasta wa kowa. Ƙasa na iya amincewa da ita gaba ɗaya, ko ta amince tare da togaciya, ko ta sa hannu ta jinkirta aiki da ita. Togaciyar nan a takarda layi biyu ce, amma a kanmu take saukowa. Gwajin zafi da girgiza da gishiri, alal misali: Amurka na da MIL-STD-810, Birtaniya na da Def Stan 00-35, NATO na da nata a ƙarƙashin STANAG 4370. Sun yi kama ƙwarai, amma mai saye na iya ƙin sakamakon da aka samu da ma'aunin maƙwabcinsa, sai maƙali ɗaya ya koma ɗakin gwaji karo na biyu. Babban kamfani zai raba kuɗin a kan dubban motoci. Mu a kan 'yan kwalaye muke rabawa. Haka batun shafen kadmiyom, wani ƙarfe da ake shafawa don hana tsatsa: tsofaffin zane-zane da yawa shi suke nema, Tarayyar Turai kuma ta takura amfani da shi saboda gubarsa, masu yin sa suna ta raguwa. Akwai madadi na tutiya da nikel, amma ba mu da ikon canza ko harafi ɗaya a zane sai mai zanen ya yarda a rubuce, kuma amsar kan ɗauki watanni kaya na jibge.

Yaƙin Yukiren tun daga 2022 ya fito da wannan a fili a babban mataki. An aika wa ƙasar manyan bindigogi masu milimita 155 iri-iri, M777 da PzH 2000 da CAESAR da sauransu, da harsasai daga ƙasashe daban-daban. Bakin bindigar ɗaya ne, amma aka tarar ba kowane harsashi da albarushin tura shi ne aka tantance wa kowace bindiga ba, kuma lissafin harbi ya bambanta. Da na ji labarin ban yi mamaki ba, domin ciwon da muke fama da shi ne a kan maƙalin batir.

An taɓa yin gyara mai amfani. A 1994 sakataren tsaron Amurka William Perry ya ba da umarnin a riƙa amfani da ma'aunin kasuwa da bayanin aikin da ake son kaya ya yi, a bar ma'aunin soja na musamman sai inda ya zama dole. Hukumar Tsaro ta Turai, wadda aka kafa a 2004, ita ma tana da kundin da ke nuna wa masu saye ma'aunin da ya fi dacewa a zaɓa. Abin da nake roƙo daga masu zama a kwamitocin daidaita ma'auni bai wuce wannan layin ba. Idan ɗakin gwaji mai shaida ya gwada kaya sau ɗaya, sauran ƙasashen da suka sa hannu su karɓa. Ƙasar da ta yi togaciya kuma ta bayyana ta tun a takardar neman farashi, yadda ƙaramin kamfani zai san gwaji nawa ke gabansa kafin ya sayi sandar ƙarfe ta farko.