Faifan CD Da Ya Yi Shigar Fulofi

A shagon gyaran kwamfuta da na koyi aiki a Kano, akwai wani fulofi baƙi, wato ɗan faifan ajiyar bayanai na kwamfutocin da, da muke ajiyewa cikin ambulan, a aljihun teburin Maigida. Shi ne mabuɗin komai. Duk tsohuwar kwamfutar da aka kawo ta ƙi tashi, da shi muke tayar da ita, mu raba rumbunta da manhajar FDISK, mu goge, sannan mu zuba mata Windows 98. Hunturun 2006 ne ya ga bayansa. Ƙurar Kano ba ta da sabo da fulofi, domin faifan da ke ciki leda ce mai laushi da aka shafa wa sinadarin maganaɗisu, kuma kan na'urar a jikinsa yake gogawa yana karatu. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa. Wata safiya na sa shi, ya yi ta kukan "ƙirr, ƙirr", ya ƙi.

A ranar kuwa kwamfutoci tara ne jere a ƙasa, 'yan gwanjo, masu Pentium II da III, wani mai koyar da yara buga takardu ya kawo. Allah ya taimaka akwai kwafi ɗaya da na taɓa yi na jefa a jakata. Maigida ya juya shi a hannu ya ce, "Yaro, wannan ma kwanansa ƙirge yake. Ka nemo mana dabarar mayar da shi CD kafin ya bi ɗan'uwansa."

Na ce, "An gama, Maigida." Ni a ganina aikin minti biyar ne.

Na buɗe fulofin, na kwashe duk fayilolin da ke ciki, IO.SYS da MSDOS.SYS da COMMAND.COM da sauransu, na buga su a kan sabon faifai. Na shiga BIOS, wato manhajar da ke fara aiki da zarar an kunna kwamfuta, na sa CD a gaba, na sake kunnawa. Kwamfutar ta leƙa faifan, fitilarsa ta ɗan yi ƙyaftawa, ta wuce shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Na zargi faifan, na buga wani. Haka. Faifai biyu sun tafi, ga Maigida yana lissafi da ido.

Sai da na kwana biyu ina bincike a gidan intanet na gane inda gizo ke saƙa. Abin da ke tayar da kwamfuta ba ya cikin fayilolin da ido ke gani. A fulofi, yana zaune ne a sashe na farko, bayit 512 kacal, wanda ke ƙarewa da alamar 55 AA. BIOS shi take ɗauka ta miƙa masa ragama, shi kuma ya je ya nemo IO.SYS. Wannan sashen ba fayil ba ne, ba ya bin ka idan ka ja ka ajiye. Na kwashe kayan ɗaki ne na bar ƙofar. Abin da ake bukata shi ne hoton fulofin gaba ɗaya, wato a karanta shi sashe bayan sashe tun daga farko har ƙarshe, har da wuraren da babu komai, a zuba cikin fayil guda. Lissafinsa ba ya sauyawa: layi 80, fuska 2, sashe 18 a kowane layi, bayit 512 a kowane sashe. Ya kama bayit 1,474,560. Idan hotonka bai kai wannan adadi cif ba, akwai matsala. Da wata manhaja mai suna WinImage na ɗauki nawa. Daga baya da na fara taɓa Linux na ga layi ɗaya ya wadatar: dd if=/dev/fd0 of=boot.img.

To, ta yaya CD zai yi amfani da wannan hoto? A nan ne abin ya ba ni sha'awa har na manta da kwamfutocin da ke jira. Tsarin ajiyar fayil na CD, ISO 9660, tun asali ba a yi shi don tayar da kwamfuta ba. A 1995 kamfanonin Phoenix Technologies da IBM suka fitar da wata ƙa'ida da suka raɗa wa suna El Torito, sunan wani gidan cin abinci a garin Irvine na jihar Kalifoniya a Amurka. Dabarar ita ce a ɓoye wata 'yar sanarwa a sashe na 17 na faifan, mai nuna wa BIOS inda wani ƙaramin jadawali yake, jadawalin kuma ya nuna inda hoton yake da irin shigar da zai yi. Shiga uku ce: ko ya fito a matsayin fulofi, ko a matsayin rumbun kwamfuta, ko kuma ya fito da fuskarsa ba tare da kwaikwayon kowa ba. Na taɓa buɗe fayil ɗin ISO, wato hoton CD gaba ɗaya, da manhajar duba bayit don in gani da idona. Sashen CD bayit 2,048 ne, sau 17 ya ba da 34,816. Na gangara daidai wurin, sai ga CD001, a gefensa kuma an rubuta EL TORITO SPECIFICATION da manyan baƙaƙe. Na kira Maigida ya zo ya gani. Ya leƙa ya ce, "To, madalla. Ya tashi?"

Bai tashi ba tukuna. Na buɗe Nero, manhajar buga CD, na zaɓi nau'in faifai mai tayar da kwamfuta, na nuna masa hoton, na ce ya yi shigar fulofi mai megabayit 1.44. A babban filin da ya rage na zuba jakar WIN98 da direbobin sauti da na allo, wato ƙananan manhajojin da ke sa kwamfuta ta gane kowace na'ura, tunda faifan megabayit 700 yake ɗauka, kusan fulofi ɗari huɗu da tamanin ke nan. Ana tsakiyar bugawa aka ɗauke wuta. Faifai na uku ya tafi. Na huɗu sai da aka tayar da janareto.

Wannan karon, da na kunna, sai ga A:\>, alamar an tashi daga fulofi, a baƙin allo, alhali ramin fulofin fayau yake. Na yi ta murna ni kaɗai. Na buga DIR, ga FDISK, ga FORMAT. Na ce bari in shiga jakar WIN98, sai na neme ta na rasa. Babu ta a A:, babu a C:, D: kuwa DOS, manhajar da kwamfutar ta tashi da ita, ta ce ba ta san wannan harafi ba. Megabayit ɗari da wani abu da na zuba da hannuna sun yi ɓatan dabo a kan faifan da kwamfutar ke tsaye a kansa.

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai, kuma shi ne na fi jan kunnen duk wanda na koya wa aikin a kansa. BIOS ƙarya take yi wa DOS, kuma ƙaryar iyakarta hoton nan. DOS ta yarda fulofi ke hannunta, ba ta da labarin akwai CD a duniya. Idan kana son ta ga sauran faifan, sai ka sa mata direban CD a cikin hoton kansa, tamkar daga fulofin gaske ka tashi. Fulofinmu kuwa ɗan gida ne, da format a: /s aka yi shi aka ƙara 'yan kayan aiki, babu direba. Na koma WinImage na cusa OAKCDROM.SYS da MSCDEX.EXE a hoton. A CONFIG.SYS na rubuta DEVICE=OAKCDROM.SYS /D:MSCD001, a AUTOEXEC.BAT kuma MSCDEX.EXE /D:MSCD001 /L:R. Harafin R ɗin da gangan na zaɓe shi, don kada harafin faifan ya riƙa yawo gwargwadon yawan rabon da ke rumbun kowace kwamfuta. Faifai na biyar ya tashi a A:, ya kuma nuna sauran jikinsa a R:. Faifai ɗaya, suna biyu. Kafin magariba na gama kwamfutoci shida.

Sauran ukun suka zo da nasu salon. Ɗaya na'urar CD ɗinta ta tsufa, sai da na sake buga faifan a hankali, a gudu 8 maimakon 48, kafin ta iya karantawa. Na kuma yi wayon sayen CD-RW don in daina asarar faifai wajen gwaji, sai na tarar wasu tsofaffin na'urorin sam ba sa ganin irinsa, saboda hasken da yake mayarwa bai kai na CD-R ba. Ka ga wayo ya ci mai shi.

Akwai wasu ƙananan tarkuna da na faɗa daga baya. Idan CD ya karɓe harafin A:, fulofin gaske yakan koma B:, na sha ganin yara suna neman fayil a inda ba ya nan saboda wannan. Sannan A: ɗin nan na ƙarya ba a rubutu a kansa. Ranar da na zo sabunta BIOS na wata kwamfuta, manhajar ta nemi ta adana tsohon kafin ta zuba sabo, ta tarar ƙofa a rufe, ta tsaya cak. Gumin da na yi a ranar ba na zafi ba ne, don wanda ya san aikin ya san BIOS ba wurin wasa ba ne. Allah ya sa ba ta fara rubutu ba. Wuri kuma idan ya yi kaɗan, ana iya faɗaɗa hoton zuwa 2.88, amma ba ka da ikon yanka girman da ka ga dama: 1.2 ne, ko 1.44, ko 2.88. Na gwada ba mkisofs, manhajar haɗa ISO, wani girma dabam, ya ƙi karɓa, kuma gaskiyarsa.

Wajen 2008 na koma manhajojin ISOLINUX da MEMDISK, aikin H. Peter Anvin. MEMDISK ba ya dogara da kwaikwayon BIOS, yakan kwashe hoton ne ɗungurungum ya zuba a ƙwaƙwalwar kwamfuta, saboda haka ana iya rubutu a kansa har zuwa lokacin da za a kashe ta, kuma faifai ɗaya sai ya ɗauki hotuna goma da jerin zaɓi. Na kuma koyi gwada ISO a VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, kafin in taɓa faifai, abin da da na san irinsa a 2006 da ban sha harara ba. Direban OAK ɗin nan ma ya fara gazawa da aka shiga yayin sabon mahaɗi mai suna SATA, domin na'urori masu tsohon mahaɗin IDE ya sani.

Faifai na biyar ɗin yana nan a wurina. Maigida ne ya rubuta masa suna da jar maka, da rubutunsa mai karkata: "FULOFI, KADA A ARA". Bara wani mai injin saƙa zane a hula da riga ya zo da tsohuwar kwamfutar da ke tuƙa injin, DOS take amfani da ita, ba ta san kebul na USB ba balle ta tashi da filashi. Na zaro faifan na goge shi da gefen rigata na tura. Ya ɗan yi gurnani, sai ga A:\> tana ƙyafta ido. Yaron shagona, wanda bai taɓa riƙe fulofi ba, ya sunkuyo ya ce, "Oga, ina C ɗin ya tafi?"