Legas da ƙananan jiragen sama na ƙarfe

Shekaranjiya na dawo daga Legas. Abin da ya kai ni shi ne ƙananan jiragen saman nan da ake zubawa da haɗin ƙarfen zinki, a yi musu fentin kamfanonin jirage na gaske. A Kano sai ka wuni kana zagaye ba ka ga na kirki ba.

A Agege na sauka, gidan wani dattijo Bazazzagi da ya yi aiki a filin jirgin Murtala Muhammed har ya yi ritaya. Ya karrama ni ƙwarai, ko kuɗin mota bai bari na biya ba. Bayan isha'i ya buɗe kabad ɗinsa na gilashi: ƙirar kamfanonin Gemini Jets da JC Wings na sikelin 1:400, wato an rage girman jirgin gaske sau 400, na Herpa na 1:500, ga manya na Inflight200 a sama. Ya ce, "Ɗana, kafin ka kalli fenti, ɗauko rula." Boeing 747-400 tsawonsa mita 70.6 ne, don haka a 1:400 zai tashi wajen santimita 17.7. In ya kauce sosai, kayan wasan yara ne.

Na fi daɗewa a kan DC-10 na Nigeria Airways, kore da fari, da giwa mai fuka-fuki a jela, lambarsa 5N-ANN. Da lambar ake farawa. Ka nemo hoton wannan jirgin shi kansa, ka ajiye kusa da samfurin a hasken rana, don ƙwan lantarki yana sauya kore. Sai ka bi layin fentin da gilashin ƙara girma: ya bi tagogi daidai ko ya karkace wajen hanci, rubutun sunan ya fara a kan tagar da ta dace, ƙofofi sun cika. Alhaji ya kifa shi ya nuna mini ƙafar tayoyi ta tsakiyar ciki. DC-10-30 yana da ita, DC-10-10 ba shi da ita, kuma na Najeriya -30 ne. Injina ma haka: na 737-200 dogo ne siriri, na 737-300 gindinsa a baje yake.

Washegari a wani shago cikin Legas Ailan aka miƙo mini A380 da fentin Nigeria Airways, wai na asali ne. Kamfanin ya rufe a 2003, A380 kuwa sai 2007 ya fara ɗaukar fasinja. Da na faɗa, mai shagon ya fizge abinsa ya juya mini baya. A kasuwarmu ko ba ka saya ba za a ce Allah ya kawo rabo. Farashin ma ya yi yawa ga abin da tagoginsa sitika ce. A shago na gaba na samu Herpa na hannu, kwalinsa ya yage amma tayoyi da eriya lafiya, na taya rabi, muka daidaita sama kaɗan.

Duk mai sayen na hannu a Legas ya kula da danshi. In an samu darma a cikin zinkin, danshi yana hanzarta lalacewarsa: fenti ya kumbura, fiffike ya lanƙwashe, jiki ya tsattsage, kuma ba a gyara shi. Ka shafa gindin fiffike da yatsa, in ka ji gargada ka ajiye. Alhaji yana zuba jakunkunan nan masu shanye danshi na kwalin takalma a kowane bene na kabad. Mu namu ƙura ce da rana mai mayar da fari ɗorawa, sai burushi mai laushi da inuwa, ban da fetur ko kananzir.

Ranar ƙarshe cunkoson Ikeja ya cinye. Na naɗe kowane jirgi da soso na sa a jakar hannu, don tayoyin 1:500 ba sa jure jifa.