Mai jirgi da mai jiran jirgi

Talata, 13 ga Mayu, 2025

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ejan ɗinmu na Legas yana ce min gobe kwantena za ta fita daga tashar jiragen ruwa ta Apapa. Kafin in buɗe shago na sake kiransa, ya sake ba ni goben. Kawu bai tanka ba, carbinsa kawai yake ja. Ni kuwa shirun Kawu ya fi faɗansa yi min ciwo, don duk mun san kowace rana akwai kuɗin jinkiri da ke hawa, ga Babbar Sallah saura ƙasa da wata guda. Shadda da leshin da suka iso Kantin Kwari bayan teloli sun rufe karɓar ɗinki, sai dai su zauna su yi ta shan ƙura.

Zafi kuwa ba a magana. Ciniki ma kwance yake.

Wajen azahar yaron shagon da ke kusa da namu ya shigo da waya a hannu, wai an yi wa Taiwo Awoniyi, ɗan ƙwallon Nottingham Forest, tiyata ta gaggawa a ciki. Gabana ya faɗi, don shekaranjiya Lahadi ina zaune a gidan kallo lokacin da abin ya faru. Nottingham Forest ce da Leicester, aka tashi 2-2. Yaron nan ɗan Ilori ya taho a guje zai zura ƙwallo, ya daki ƙarfen raga da cikinsa, alhali tun farko an yi satar gida, mai tuta ne bai ɗaga da wuri ba. Aka duba shi, ya koma fili yana ɗingishi. Ana busa tashi sai ga mai ƙungiyar da kansa, Evangelos Marinakis, ya sauko fili yana yi wa koci Nuno magana rai a ɓace. A gidan kallo an kusa cin kwalar juna a kan haka. Wasu suka ce gadarar masu kuɗi ce. Ni ma haka na ce ranar. Yau da na ji halin da yaron ke ciki, bakina ya ɗan yi sanyi.

Kawu ya leƙo hoton Marinakis a wayar ya ce, "Wane ne wannan ƙaton mai gemu?"

Na ce, "Kawu, ai irin mutanen da muke jira ne. Mai jiragen ruwa ne."

Sai ya gyara zama, abin da bai taɓa yi ba in ana hirar ƙwallo. Na faɗa masa iyakar abin da na sani: mutumin Girka ne, an haife shi a 1967 a Piraeus, garin da babbar tashar jiragen ruwan ƙasar take. Mahaifinsa ma harkar jirgi yake yi, wato gadon gida ne. Kamfaninsa Capital Maritime yana da jiragen dakon mai da na gas da na kwantena. A 2010 ya karɓi Olympiacos, ƙungiyar garinsu, a 2017 ya sayi Forest tana fama a ƙaramin rukuni, a 2022 ta dawo Firimiya bayan shekara 23. Bara kuma Olympiacos ta doke Fiorentina da ci ɗaya ta ɗauki kofin Turai na Conference, wanda babu ƙungiyar Girka da ta taɓa yin irinsa.

Kofunan ba su dami Kawu ba ko kaɗan. Cewa ya yi, "To ai madugu ne. Kai ka sayi kaya, wani ya saya a hannunka, ka ci riba ko ka faɗi, shi mai ayari kuɗin dakonsa na nan." Daga nan ya ɗauko labarin Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955: yadda fatake ke kwashe watanni a hanyar Gwanja da jakuna, shi kuwa ya riƙa ɗoro goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Na sha jin labarin nan, amma sai yau ya shige ni. Shekarata talatin da biyu ban taɓa ganin teku ba, mafi girman ruwan da na sani shi ne dam ɗin Tiga, amma abincin gidanmu a kan teku yake tafe.

Na ce masa da wasa, in Allah ya ba mu jirgi ɗaya zan saya masa Kano Pillars. Ya ce in fara fito da kwantena ɗaya tukuna.

Bayan isha'i ina wajen mai shayi ejan ya turo min hoton takarda, wai saura sa hannu ɗaya. Ban kai wa Kawu labarin ba. Na yi wa Awoniyi fatan samun sauƙi, na biya kuɗin shayi, na tari adaidaita sahu zuwa gida.