Godiya bayan taron baje kolin ƙungiyoyin ɗalibai

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, taron ƙungiyoyin ɗalibai da makarantarmu ta yi ranar Asabar ya tashi lafiya. A madadin malaman da ke kula da ƙungiyoyin, na ga ya dace in fito fili in yi godiya.

Godiyarmu ta farko ga iyaye take, musamman iyayen 'yan mata. Mun san abin da muka roƙa ba ƙarami ba ne. Yarinya ta tsaya bayan an tashi duk ranar Laraba, ga Islamiyya na jiranta, ga aikin gida, ga kuɗin adaidaita da kullum sai ƙaruwa yake. Akwai mahaifin da ya same ni a farkon shekara ya ce shi karatu ya kawo 'yarsa, ba koyon surutu ba. Da ƙyar ya bar ta ta shiga ƙungiyar muhawara. A lokacin, in ta miƙe takarda sai ta riƙa karkarwa a hannunta, muryarta ba ta wuce benci na biyu. Ranar Asabar kife takardar ta yi a kan tebur, ta bi hujjojin abokan karawarta ɗaya bayan ɗaya tana warwarewa, shi kuwa yana layin gaba yana ta gyara hula. Alhaji, mun gode da ka ba mu aron ta.

Ba don nishaɗi muke wannan wahala ba. JAMB darussa huɗu ce, maki 400, tun 2015 a gaban kwamfuta ake yin ta, babu mai tambayar yaro ko ya iya buɗe baki. Amma in ya shiga ABU ko BUK, za a tsayar da shi gaban malamai ya kare aikinsa na shekarar ƙarshe. Masu kimiyya da fasaha za su je SIWES, wato horon sanin makamar aiki a ma'aikatu. A bautar ƙasa akwai aikin raya al'umma kowane mako, daga nan sai ganawar neman aiki. Duk wuraren nan mutum ake kallo, ba takardar sakamako kaɗai ba.

Shi ya sa abin da ya fi burge ni a rumfar matasan manoma ba tumatir da alayyafon ba ne. Littafin ma'ajinsu ne, ɗan aji biyar, inda ya rubuta kuɗin iri, kuɗin taki, har da ledar da aka ƙulla wa masu saye.

Muna godiya ga malamin da ke riƙe da ƙungiyar kimiyya da ƙere-ƙere ta JETS, wanda ya riƙa saya wa yara waya da ƙwan fitila daga aljihunsa har fitilarsu mai amfani da hasken rana ta kama. Haka Malama uwar 'yan Red Cross, da yaranta da suka nuna yadda ake ɗaure karaya kafin a kai asibiti. Tsofaffin ɗalibai da suka baro jami'o'insu suka zo yin alƙalanci, Allah Ya bar zumunci. Shugaban makaranta, ƙungiyar iyaye da malamai da ta biya hayar rumfa da kujeru, da Baba maigadi da ya jira mu har bayan isha'i, duk Allah Ya saka da alheri.

Rajistar sababbin mambobi za ta buɗe a makon farko na zango mai zuwa, in sha Allahu. Allah Ya yi wa yaranmu albarka, Ya huce gajiya.